Nasiha Ga Malamai Da 'Yan Kasuwar Kano A Kan Sha'anin Ƙuri'a

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda babu mai naɗa shi, babu mai tuɓe shi. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, wannan nasiha ce zuwa ga jama'a iri biyu na ƙasar Kano, watau malamai masu zaure da masu tsangaya, da kuma 'yan kasuwa, tun daga attajirin da ke sauke diloli a Kantin Kwari har zuwa mai awo a Dawanau da mai koli a Kurmi. An keɓe su da magana ne domin su ne bakin gari. Abin da malami ya faɗa bayan sallar Asuba, kafin hantsi ya shiga gida ɗari. Abin da uban ɗaki ya faɗa a rumfa, da shi yaransa za su koma unguwa da yamma. To, wanda Allah ya ɗora a wannan matsayi, ko shiru ya yi an ɗauki darasi daga shirunsa, kuma lalle za a tambaye shi.

Abin da ya jawo nasihar nan lissafi ne. A shekarar 2023 sunayen da ke cikin littafin masu zaɓe na Jihar Kano sun kai 5,921,370. Da aka zo zaɓen gwamna ran 18 ga Maris, waɗanda suka jefa ƙuri'a kimanin miliyan 2 ne kurum. Watau cikin kowane mutum uku, biyu ba su fito ba. Ko da an cire matattu da waɗanda suka yi ƙaura ba a share sunansu ba, abin da ya saura taro ne mai yawa. A ƙasa baki ɗaya ma abin ya fi haka muni, gama cikin mutum fiye da miliyan 93 da aka rubuta, kimanin 27 cikin 100 ne suka fito zaɓen shugaban ƙasa na watan Fabrairu. Alhali kuwa tsadar hatsi, da rashin magani a asibiti, da duhun dare ba wuta, ba su tsaya tambayar wa ya fita wa ya zauna ba.

Fasali na farko, a kan hakikanin ƙuri'a

Duk almajirin da ya karanta babin shaida a Risala ko Muhtasar ya san hukunci uku. Na ɗaya, shaidar da hakkin wani ya rataya a kanta ba a ɓoye ta. Na biyu, shaidar zur tana cikin manyan kaba'irai. Na uku, alƙali ba ya karɓar shaidar wanda yake jawo wa kansa amfani da ita. To, mutumin da ya shiga akurkin zaɓe ya dangwala yatsa, me ya yi in ba shaida ba? Ya ce ne, cikin waɗannan da suka tsaya, wannan ya fi cancanta a damƙa masa baitulmali, da makarantu, da asibitoci, da tsaron rayuka, har shekara huɗu. In ya san ba haka ba ne ya dangwala, ya yi zur. In an ba shi wani abu kafin ya dangwala, ya jawo wa kansa amfani. In kuwa ya san mai cancanta ya zauna a gida har wanda bai cancanta ba ya haye, ya ɓoye abin da ya sani.

Ɗan kasuwa kuma ya san abin ta wata fuska, ita ce wakilci. Babu falken da zai tura mutum Ikko ko Kwatano da jarinsa sai ya bincika asalinsa, da wanda ya taɓa yi wa aiki, da yadda suka rabu. Wanda ake turawa majalisa shi ma wakili ne, kuma jarin da ake ba shi ya fi na kowane attajiri yawa, domin dukiyar marayu da gajiyayyu tana ciki.

Ba a ce tsarin zaɓen nan shi ne na Halifofi ba. Turawa ne suka zo da shi, kuma aibobinsa ba su ɓuya ga kowa ba. Amma neman ra'ayin jama'a kafin a ɗora musu shugaba tsohon abu ne a Musulunci. Sayyadina Umaru, Allah ya yarda da shi, da aka soke shi, ya bar al'amari shawara tsakanin mutum shida. Wanda ya ɗauki nauyin tantancewa shi ne Abdurrahmanu ɗan Aufu, babban ɗan kasuwar Madina, wanda ya cire kansa daga nema, ya yi kwana uku yana bin mutane yana jin abin da ke ransu, kāna aka yi wa Sayyadina Usmanu mubaya'a. A nan Kano kuma, Shehu Magili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa abin da ya wajaba a kan sarakuna, wajen ƙarshen ƙarni na 15. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, sa'ad da ya sauka Kano da niyyar wucewa gabas, mutanen gari suka roƙe shi ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki, ya wallafa musu Liya'ul Hukkami. Ashe ke nan malaman farko ba su ɗauki sha'anin mulki ƙazantar da ake tsallakewa ba. Sun ɗauke shi babin ilmi ne da ake karantarwa.

Fasali na biyu, a kan yadda ƙuri'a ta zo hannun talaka

Yaran yau suna tsammani da katin zaɓe aka haife su. Ba haka ba ne. A zaɓen 1951 talakan Arewa ba shi ne ke zaɓen ɗan majalisa da hannunsa ba. Hawa-hawa ake yi: unguwa ta fid da wakilai, su kuma su fid da wasu, har a kai matakin lardi, inda En'e take da ikon ƙara nata mutane. Saboda haka jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, ta yi rinjaye a matakan farko cikin birni, amma da aka kai mataki na ƙarshe ba ta fita da kujera ba. Yawancin mabiyanta kuwa ƙananan 'yan kasuwa ne, da maɗinka, da mahauta, da malaman allo, kuma da yawa cikinsu sun sha ɗauri da bulala a kan wannan al'amari. Ita ma NPC, jam'iyyar Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa, tana da nata malamai da attajirai masu ganin cewa sauyi a hankali ya fi lafiya. Kowane ɓangare da hujjarsa, kuma duk sun riga sun koma ga Mai hukunci.

Sai ran 12 ga Disamba 1959 kowane baligi namiji na Arewa ya sami jefa ƙuri'ar Majalisar Wakilai ta Tarayya da hannunsa, a asirce. Kowane ɗan takara da akwatinsa da alamar jam'iyyarsa: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, zakara na NCNC. A wannan zaɓe ne Malam Aminu Kano ya shiga majalisar Ikko. Matan Arewa kuwa ba su samu ba sai 1976, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya sun shiga kurkuku ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Tsakanin 1966 da 1979, da kuma mafi yawan shekarun da ke tsakanin ƙarshen 1983 da 1999, soja ne ke mulki, ba a tambayi kowa wa yake so ya shugabanci ƙasa ba. Ran da aka tambaya a 1993 kuma aka soke amsar. Abin da aka samu da irin wannan wahala bai kamata a bar shi a ƙarƙashin tabarma ba.

Fasali na uku, a kan uzuran masu zama gida

Uzuri na farko, su ce an riga an rubuta sakamako tun kafin a buɗe akwati. Lalle maguɗi gaskiya ne, wanda ya musa shi bai zauna ƙasar nan ba. Amma a duba abin da ƙuri'ar Kano ta aikata duk da haka. A 1979 jama'a suka zaɓi PRP mai alamar makulli, Muhammadu Abubakar Rimi ya zama gwamna, ya soke haraji da jangali, waɗanda saboda su magidanta suka daɗe suna sayar da hatsin gida ko su gudu su bar gari. Ran 12 ga Yuni 1993 mutanen Kano suka ba Abiola, Bayarabe daga Abekuta, ƙuri'a fiye da Bashir Tofa ɗan garinsu. A 2003 Malam Ibrahim Shekarau ya kayar da gwamna mai ci, Rabi'u Musa Kwankwaso. A 2015 shugaban ƙasa mai ci ya faɗi zaɓe, abin da ba a taɓa gani ba a Nijeriya, kuma Kano kaɗai ta ba Muhammadu Buhari ƙuri'a fiye da miliyan 1.9. A 2023 jam'iyyar da ke riƙe da gidan gwamnatin Kano ta rasa shi. Da a ce alƙalami ɗaya ne ke rubuta komai, da mai riƙe da alƙalamin bai taɓa faɗuwa ba.

Sa'an nan a lura da wani abu. Ɓarawo ba ya son rumfar da mai ita ke zaune. Wadda aka bari a buɗe yake nema. Takardar ƙuri'ar da mai ita bai zo ba ita ce jarin mai maguɗi. A 2019 ba a kammala zaɓen gwamnan Kano a zagayen farko ba, aka sake a wasu rumfuna ran 23 ga Maris, masu sa ido suka yi kuka da tashin hankalin da aka yi, musamman a mazaɓar Gama. Da aka haɗa lissafi, ratar da aka bayyana tsakanin Abdullahi Umar Ganduje da Abba Kabir Yusuf ƙuri'a 8,982 ce, aka yi shari'a har Kotun Ƙoli, ta tabbatar da sakamakon a Janairun 2020. Jihar Kano tana da mazaɓu 484. In an raba waccan rata a kansu, ba ta kai mutum 19 a kowace mazaɓa ba, watau sahu ɗaya na masallacin unguwa. Wanda ya ce ƙuri'arsa guda ba ta da nauyi, sai ya auna ta da wannan mudu.

Uzuri na biyu, su ce duk kanwar ja ce, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Wannan magana ba ta dace da bakin ɗan kasuwa ba, gama shi bai taɓa shiga Dawanau ya ce duk gero ɗaya ne ba. Yana soka buhu, ya murza, ya shaƙa, ya duba ƙwari da tsakuwa, in duk ba su yi masa ba ya ɗauki mai dama-dama, domin iyali ba su kwana da yunwa don an rasa na ɗaya. Malamai ma suna da ƙa'ida sananniya, cewa in cuta biyu suka haɗu ba makawa, mafi sauƙi ake ɗauka. Ƙin tashin nan kuwa ba ya hana a yi rawar. Wani ne zai yi ta, a kan tabarmar wanda ya ƙi.

Uzuri na uku, su ce mulki na Allah ne, wanda ya ƙaddara shi zai hau. Wannan gaskiya ce da babu Musulmin da ke shakkarta. Amma arziki ma na Allah ne, ba a ga wanda ya kulle shago ya kwanta ba. Ruwan sama na Allah ne, ba a ga manomin da ya bar iri a rumbu ba. Don me tawakkali ba ya tashi sai ranar zaɓe? Riƙon sababi ba ya warware imani da ƙaddara, wannan kuwa ƙaramin almajiri ma ya sani.

Fasali na huɗu, a kan sayar da ƙuri'a

An wayi gari ana sayen shaidar mutane da taliya, da sabulu, da turmin atamfa, da 'yan kuɗi a ambulan. A ɗauka an ba mutum naira 5,000. Shekara huɗu kwana 1,461 ce. In an raba, bai kai naira 4 a yini ba. A kan abin da ba ya sayen ƙullin gishiri ya sallama bakinsa, gama wanda ya karɓi kuɗin kaya ba ya komawa ya ce kayan nasa ne. Shi kuwa mai saye ba sadaka ya yi ba, fatauci ya yi. Zai fid da uwar kuɗinsa, ya fid da riba, ya tanadi na zaɓe mai zuwa, kuma duk daga baitulmali: daga kuɗin maganin asibiti, da rufin aji, da kwalbatin da za ta hana ruwa cin gida. Dokar zaɓe ta 2022 ta sa wa mai bayarwa da mai karɓa hukuncin tara ko ɗauri, amma kunyar Allah ta fi tsoron ɗan sanda tsare mutum.

Akwai masu cewa a karɓa, ai kuɗin jama'a ne aka sato, sa'an nan a shiga akurki a zaɓi wanda ake so. Wannan magana tana da daɗin ji, amma tana da rami biyu. In kuɗin jama'a ne, to, na jama'a duka ne, har da marayan Doguwa da majinyacin Ɗambatta. Bai zama halal ga wanda ya fi kusa da motar rabo ba. Na biyu, mai karɓa yakan yi alkawari, wani lokaci har da rantsuwa, sai ya zama ya tsere wa shaidar zur ya faɗa cikin saɓa alkawari. Yunwa gaskiya ce, kuma laifin mai ƙoshi da ya mai da yunwar talaka haja ya fi girma nesa. Amma maganin wannan yana hannun attajiran unguwa: in zakka da ciyayya suka isa gidan gwauruwa tun kafin lokacin zaɓe, mai taliya zai iske ƙofa a rufe.

Fasali na biyar, a kan abin da ya hau kan malamai

Malamai a wannan babi sun kasu uku. Akwai wanda ya kau da kai gaba ɗaya, yana ganin tsantseni ne. Akwai wanda ya mai da mumbari rumfar talla, yana wanke wanda ya ba shi mota ko kujerar Makka, yana jefa abokin takararsa wuta, alhali dukansu alƙibla ɗaya suke kallo. Akwai kuma na tsakiya, wanda ke karantar da ma'auni ya bar wa mutane awo. Na ukun nan shi ne a kan hanya. Wanke mutum a gaban jama'a tazkiyya ce, kuma mai tazkiyya in ya ci abin wanda yake wankewa, maganarsa ta faɗi. Malami mutum ne, yana da ikon ya so wanda ya so, ya faɗa a zaurensa in an tambaye shi. Amma in akwai kyauta tsakaninsu sai ya bayyana, domin mai sauraro ya san nauyin da zai ba maganar. Kowa ya ci ladan kuturu, ai an san abin da ke biyo baya.

Shi kuma mai kau da kai, sai ya tuna cewa siyasa ba ta kau da kai daga tsangayarsa ba. A 2012 gwamnatin tarayya ta buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi ta Sakkwato, ta gina wasu da yawa a jihohi, daga baya da dama cikinsu suka lalace don rashin mai kula. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka yi ta kwasar almajirai a motoci ana mai da su jihohinsu na asali. A 2023 aka sa hannu a dokar kafa hukumar kula da karatun almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Ko wanne cikin waɗannan, zaɓaɓɓu ne suka yanke shi, kuma a kan allon malam ya sauka. Wanda ba ya wurin da ake yanka, ba ya zaɓen tsoka. Ya kamata alarammomi su haɗa kai su tambayi kowane mai nema: rijiya nawa, makewayi nawa, wane magani, wace sana'a za a koya wa gardawa, kuma a wane layi na kasafin kuɗi za a rubuta shi? Sa'an nan su tsare almajiransu daga zama 'yan banga. Hannun da ya riƙe allo bai dace da gora ba, kuma ba a taɓa ganin ɗan mai takara a gaban sahun masu sara ba.

Fasali na shida, a kan abin da ya hau kan 'yan kasuwa

Ɗan kasuwa yakan ce shi ba ruwansa da gwamnati, ciniki ya sani. To, a watan Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. A farkon 2023 aka shiga ƙuncin canjin takardun naira, har mai kuɗi a banki ya rasa na cefane, mai kayan gwari ya zubar da tumatir don babu mai tsaba. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuɗin dako ya bi ta. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe hanyar Maraɗi da Damagaram har Maris 2024. Ba a kawo waɗannan don a yanke hukunci a kan kowannensu ba, gama masu yi suna da hujjojinsu, masu suka ma haka. An kawo su ne don a ga cewa alƙalamin wanda aka zaɓa yana isa cikin aljihun falke ko ya so ko ya ƙi. A gida kuma, gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016, da ambaliyar Kantin Kwari ta daminar 2022, da masaƙun Bompai da Sharaɗa da Chalawa da suka yi shiru, duk suna da alaƙa da wanda ke ba da izinin gini, da wanda ke sayen motar kashe wuta, da wanda ke kula da lantarki.

Al'adar wasu manyan 'yan kasuwa ita ce su ba kowane ɗan takara nasa a ɓoye, domin ko wa ya ci suna ciki, sa'an nan su nemi kwangila ko fili don kansu. Wannan dabara tana tsirar da mutum ɗaya ta bar kasuwa cikin ruwa. Abin da ya fi shi ne shugabannin kowace kasuwa su zauna su rubuta bukatunsu a takarda ɗaya: magudanar ruwa, motar kashe gobara da ruwanta, hanyar shiga da ba a toshe ta da rumfuna ba, kuɗin shiga iri ɗaya da rasit maimakon masu karɓa goma. A kira masu nema ɗaya bayan ɗaya, a karanta musu, wanda ya yarda ya sa hannu gaban shaidu. Falke ba ya ba da bashin dila ɗaya sai da rubutu. Yaya zai ba da bashin shekara huɗu da baki? Kuma uban ɗaki ya ba yaran shagonsa yini su je su yi rajista, wanda ya sauya gari ya mai do da sunansa inda yake zaune, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Fasali na bakwai, a kan ma'auni da aiki

Ma'aunin mai nema tambaya huɗu ce. Wace amana aka taɓa ba shi, yaya ya fita daga cikinta? Daga ina dukiyarsa ta fito? Su wa ke kewaye da shi, masu ilmi ne ko masu makami? In ya yi alkawari, yana faɗin inda kuɗin zai fito, ko kuwa daɗin baki ne kurum? Unguwa ɗaya, ko ɗarika ɗaya, ko surukuta, ba su cikin ma'auni, kamar yadda ba a ba direban da bai iya ba mota don ɗan'uwa ne. Kada kuma ido ya tsaya a kan manyan kujeru biyu. Kano tana da ƙananan hukumomi 44, da 'yan majalisar jiha 40, da wakilan tarayya 24, da sanatoci 3. 'Yan majalisar jiha su ne ke amincewa da kasafin kuɗi, kuma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yi hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, don haka kujerar kansila da ta shugaban ƙaramar hukuma ba abin wasa ba ne.

Ranar zaɓe mutum ya fita da wuri, da katinsa, ba tare da makami ko zagi ba. In an miƙo masa takarda ya juya bayanta ya ga hatimi da sa hannun jami'i. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama a watan Satumba 2023 kotun sauraron ƙarar zaɓen gwamnan Kano ta zubar da ƙuri'a 165,663 a kan rashin hatimi da sa hannu, sai a ran 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta mai do da su. In ya jefa, ya koma gefe ya jira a ƙirga a gaban kowa, a rubuta, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a manna. Magidanci kuma kada ya karɓe katin matarsa ko ya tilasta mata. Shaidarta tata ce, ita za a tambaya. Bayan an rantsar, aiki bai ƙare ba. A adana takardar alkawari, duk shekara a kai wa wakili ziyara a karanta masa cikin ladabi. Tsarin mulki na 1999 ya ba mutanen mazaɓa ikon neman a yi wa ɗan majalisa kiranye in fiye da rabin masu rajista suka sa hannu, kuma ko ba a kai ga haka ba, shekara huɗu kamar gobe ce.

Kammalawa

Abin da mutanen Kano ke fata ba boyayye ba ne: yaro ya yi karatun allo da na boko ba tare da ya yi bara ba, mai naƙuda ta isa asibiti ta iske ma'aikaci da magani, ruwan Tiga da Chalawa ya isa famfo da gona, masaƙa ta tashi saurayi ya sami abin yi, falke ya bi hanya da dare ya isa lafiya. Ba zaɓe ɗaya ne zai kawo waɗannan ba, kuma duk wanda ya ce shi kaɗai zai kawo su cikin shekara guda, a yi hattara da shi. Amma shugaban da ya tabbata cewa masu zaɓe suna fitowa, ba su sayuwa, kuma suna riƙe da lissafi, dole ya gyara tafiyarsa ko da zuciyarsa ba ta so, kamar yadda mai awo ke cika mudu in ya san mai saye yana kallo. Wannan ido kuwa, malami da ɗan kasuwa su ne za su fara buɗe shi, sauran jama'a su bi.

Allah ya ba ƙasar Kano da Nijeriya baki ɗaya shugabanni masu tsoronsa da tausayin talakawa, ya ba talakawa gaskiya da haƙuri, ya tsare harsunan malamai daga kwaɗayi, ya sa albarka a kasuwanni, ya kawar da fitina a fili da ɓoye. Amin. Haza wassalam.